Baki na Biyar da na Shida

Siwic ɗaya a kwalinsa. Na'urar bin waya. Filayar matse kan kebul. Naɗin kebul guda. Sukudireba, salatif, alƙalamin rubutu a jikin roba. Gorar ruwa, saura rabi.

Su ke nan a jakata sa'ad da kiran Yaya ya same ni a cikin tasi, mun maƙale a bayan wata tirela.

"Auta, kana ina?"

"Hanyar gidanki. Kayan sun iso da wuri."

"To yi sauri. An yi mini sata, kuma ɓarawon yana cikin gidan nan."

Ta kashe. Na sauka na ƙarasa a ƙafa.

*

Yayata tace bidiyo take yi a gida. Masu ɗauka su kawo mata katin kyamara, ta kwafe shi zuwa akwatin ajiya da ke sito a ƙarƙashin bene, sannan ta yanka ta haɗa. Tsakanin kwamfutarta da akwatin akwai tsohon siwic, na'urar da duk wayoyin intanet na gidan ke haɗuwa a jikinta. Giga ɗaya yake ja. Kati guda sai ya cinye mata safiya.

Ni bin waya na je na karanto, shi ya sa kwana uku da suka wuce ta zaunar da ni a falonta in zaɓa mata sabo. Mijinta na nan, wanda kowa ke kira Manaja. Ƙaninsa Gyare, mai gyaran wayar hannu da ke zaune a ɗakin baya, shi ma yana nan.

Na ce musu iri biyu ne. Akwai kurma: ka cusa waya ya yi aiki, in ya lalace ba zai gaya maka komai ba. Akwai mai kai, wanda za ka shiga cikinsa ka ga abin da kowane bakin da ake cusa wa waya ke yi. Na ba su misali. In wani ya ɗauki kebul ɗaya ya haɗa soket biyu na intanet da ke bango da shi, saƙo zai yi ta zagaye har gidan ya shaƙe. Kurma zai mutu tare da ku. Mai kai zai toshe bakin, ya nuna maka shi.

Manaja ya yi dariya. "Wane mahaukaci ne zai yi haka, Injiniya? Sayo mata mai arha."

Yaya ta ce aikinta ne, ba nasa ba. Na zaɓi mai kai: baki takwas masu giga biyu da rabi, biyu masu giga goma don kwamfutarta da akwatin, yana ba kyamarorin tsaro wuta ta kebul, kuma babu fanka, domin surukarta na ƙasa kuma ba ta son ƙara. Na ce musu sai sati mai zuwa zai iso.

*

A bakin get na tarar da maƙwabta. Mai shagon kwana ya bar shagonsa, matar tela ta fito da tsintsiya a hannu ba ta share komai ba.

"Na gida ne," in ji mai shago, ba wanda ya tambaye shi. "Ɓarawon waje kwamfuta zai ɗauka, ba ɗan abu kamar akaifa ba."

"Mu dai mun daɗe muna ganin masu shiga ɗakin bayan nan," in ji matar tela.

Yaya na zagaye a tsakar gida, waya a hannu. Ta ba ni labarin a tsaye. Jiya da yamma mai ɗaukar mata bidiyo, Dogo, ya ɗauki liyafar wata ƙungiyar likitocin haƙori, inda aka karrama tsohon shugabansu. Da safe ta sa katin yana kwafa, ta sauko kicin. Da ta koma, intanet ya mutu, kwafi ya tsaya, kati babu. Kyamarar da ke kallon ƙofar ɗakin aikinta ba ta ajiye komai ba, domin ita ma ta siwic take bi.

"Bayan la'asar mutumin da ya ba mu aikin zai zo ganin somin aikin. Me zan ce masa? A sake taro, tsohon ya sake kuka?" Ta nuna ɗakin baya da haɓa. "Na ga Gyare a sito da idona. In katin bai fito ba kafin mutumin ya zo, 'yan sanda zan kira masa. Na gaya wa yayansa."

"Me yayan ya ce?"

"Bai ce komai ba."

Na ce bari in gaida Inna tukuna.

*

Ɗakin Inna, mahaifiyar Manaja da Gyare, shi ne na ƙarshe a ƙasa. Gwiwa ta hana ta hawa bene, ido ma ya yi rauni, amma kunne lafiya lau. Na durƙusa daga bakin darduma.

"Ɗan boko ne? Ka zo ka tarar da mu cikin tashin hankali."

"Za a gano, Inna."

"Allah ya sa. Ƙaramin nan, tun yana yaro hannunsa ba ya zama, komai sai ya kwance. Amma sata? Yau ko gaishe ni bai zo ya yi ba, ka ga abin da ke sa zuciyata rawa." Ta gyara zama, fuskarta ta saki. "Babba kuwa yau ya faranta mini. Ka san shi, tun da ya zama manaja daga bakin ƙofa yake jefo mini gaisuwa, yana duba agogo. Yau har ciki ya shigo, har ƙasa, ya daɗe. Har ciwon gwiwata ya tambaya."

Na ce madalla, na fito.

*

Sito ɗan ƙuƙut ne, warin fenti da tsohon kwali. Akwatin ajiya na aiki. Rauta, mai kawo intanet, na aiki. Tsohon siwic kuwa duk fitilunsa na ƙyaftawa tare, da sauri, kamar masu zazzaɓi. Na san alamar. Wani wuri a gidan nan an haɗa soket biyu. Sai dai wayoyin da suka fito daga bango duk shuɗaye ne, wanda ya ja su bai rubuta wa ko ɗaya suna ba.

Ban taɓa komai ba. Na tafi ɗakin baya.

Gyare na cusa kaya a buhu. Teburinsa cike da wayoyin da aka farke wa ciki.

"Furofesa, kai aka turo ka kama ni?"

"Me ya kai ka sito?"

"Abin da ke kai ni kullum. Duk wanda net ya ɗauke wa a gidan nan sunana yake kira, ko a banɗaki nake. Na je na kashe rauta na kunna. Ina fitowa na yi karo da Anti, ta kalle ni kamar ta ga kunama a takalmi."

A cikin wani murfin gwangwani na ga katuna. Na zube su a tafina.

"Na kwastomomi ne," ya ce.

Gaskiya ne. Duk ƙanana ne, na waya. Na kyamarar Dogo ya fi su girma da kauri.

"Ina za ka da buhu?"

"Inda ba a ƙirga cokali in na fita daga kicin." Ya ɗaure bakin buhun. "Ba Anti ce ta ba ni haushi ba. Ita kayanta ya ɓata. Babba yana zaune aka ce 'yan sanda, ya ɗauki rimot."

*

Dogo na kan babur ɗinsa a inuwar katanga, yana kaɗa makulli. An ce mini ya dawo da safe, kuma an ce yana shirin buɗe wurin kansa.

"Batir na manta," ya ce. "Ko ciki ban shiga ba, Manaja ne ya miƙo mini ta get. Kuma ni in saci wahalata? A tsaye na ɗauki abin nan tun daga addu'ar buɗewa har rabon kyauta."

"Akwai wanda zai so kada a ga abin da ka ɗauka?"

"Likitocin haƙori? Su da ke ta yi mini murmushi kamar talla?" Ya yi dariya, sai ya tsaya. "Mutum ɗaya ne ya ba ni wahala. Wani cikin masu rabon abinci. Duk inda na juya kyamara sai ya ba ni ƙeya. Har miya ya kusa zuba wa matar shugaba."

"Ka ga fuskarsa?"

"Duk da hula da takunkumi suke. Wa ke kallon mai faranti?"

*

Manaja na falo cikin kwat, ƙafa ɗaya kan ɗaya, talabijin na nuna shuɗin allo. Ya ce bai je ofis ba saboda abin da ya faru. Idonsa ya sauka kan kwalin da ke hammatata.

"Ba sati mai zuwa ka ce ba?"

"Ya iso da wuri."

"Ka bari hankali ya kwanta mana, Injiniya. Gida na wuta, kai kana zancen na'ura."

"Ba zai daɗe ba."

Wayarsa na kan hannun kujera. Tun shigowata nake wucewa ta falon, ban ji ta yi ƙara ba. Manajan da ya kashe rabin yini ba ya ofis, ba wanda ya neme shi.

Na koma sito. Na cire wayoyin daga tsohon kurman siwic ɗaya bayan ɗaya na mayar jikin sabon, na buɗe shafinsa a kwamfutata. Kafin in gama shan ruwa sai na ji talabijin ya yi magana a falo. Daga sama Yaya ta ƙwala kira: "Ya dawo!"

Fitilu duk kore, ban da ɗaya. Baki na shida ya toshe kansa. A shafin an rubuta dalili: abin da ya fita ta na biyar ta na shida yake dawowa.

Na cire wayar ta shida na maƙala mata na'urar bin waya, na ɗauki sandar sauraro. Tana kusantar wayar da ake nema sai ta yi tsuwa. Tsuwar ta hau bangon sito, ta shiga silin. Na ɗauko kujera na bi ta. Ta wuce saman ƙofar kicin. A kwanar da ke fita zuwa ɗakin baya na tsaya, na kai sandar hagu. Shiru. Na kai ta dama, ta ɗauka. Ta bi baranda har ƙarshe, ta gangaro bango.

Inna ta kishingiɗa. Na yi sallama na ce waya nake dubawa.

Da can nan aka shirya wa Yaya ɗakin aiki, kafin gwiwar Inna ta ƙi bene, shi ya sa aka sa soket biyu a jere. Suna ƙasa, gefen gado, bayan durowa. An ja durowar an mayar, amma ba daidai kan sawunta ba: ƙafafunta sun bar tabo huɗu masu tsabta a ƙura. Kusa da su akwai shatin tafin hannu, babba. Guntun kebul baƙi ya fito daga soket ɗaya ya shiga ɗayan.

Na zare shi na sa a aljihu.

Kafin in kira kowa na buɗe akwatin ajiya. Abin da ya samu shiga kafin gidan ya shaƙe kaɗan ne: zaure, tebura, mutane na zama. Can baya masu faranti na wucewa cikin fararen riguna. Ɗaya ya juya baya da sauri ya nufi ƙofa. Ban ga fuskarsa ba. Na ga yadda yake jefa ƙafar hagu waje in yana sauri. Na san mai wannan tafiyar.

*

Na ce Yaya ta tara su a falo. An kamo hannun Inna aka zaunar da ita. Gyare ya tsaya a bakin ƙofa da buhunsa. Dogo ya zauna a hannun kujera. Matar tela ta leƙo ta taga, Yaya ta ja labule a fuskarta.

Na ajiye guntun kebul a kan tebur.

"Wannan ne ya kashe gidan. An sa shi ne don kwafi ya tsaya, kyamara ta makance, a hau a ɗauki kati. Ba dabarar da kowa ya sani ba ce. A falon nan na faɗe ta, mutum uku suka ji."

"Ni dai ban zo ba ranar," in ji Dogo.

"Ba ka zo ba."

Manaja ya gyara kwat. "To ai magana ta ƙare. Wa ke da tarin irin waɗannan wayoyin a gidan nan?"

Gyare ya kalle shi.

"A ɗakin Inna na same shi," na ce. "Inna, wa ya shiga wurinki yau?"

"Matar ɗana ta kawo shayi, ta ajiye a kan tebur ta fita, ita kullum sauri. Sai Babba. Sai kai."

"Gyare fa?"

"Na gaya maka, ko ƙeyarsa ban gani ba."

"Kin fita daga ɗakin?"

"Da wace gwiwar?"

"Babba a ina ya durƙusa?"

"Nan gefen gado, jikin durowa. Har na ji yana gyara mini ita, na ce ka ga ɗan albarka, ya lura ta karkace..."

Ta juya fuskarta inda take jin numfashin ɗanta.

"Babba?"

Na juyo da kwamfutata ta kalle shi shi kaɗai, hoton a tsaye kan farar riga da ƙeya. "In nuna, ko za ka faɗa?"

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa hannu a aljihun ciki na kwat ɗinsa, ya ajiye katin kusa da kebul.

"An rufe reshenmu tun kafin damina," ya ce, da teburin yake magana. "Wani abokina ke da kamfanin abincin taro. Ina fita da kwat, in canza a can. Jiya ina ɗaga kai na ga Dogo. Na san a teburin wa katin zai sauka." Ya shafa fuska. "So na yi in goge inda na fito in mayar. Na zauna da shi a banɗaki, ban ma san ta ina ake farawa ba."

"Kai ne na miya?" in ji Dogo. "Wallahi na ce tafiyar nan..."

"Dogo, jira ni a waje," in ji Yaya.

Ya fita. Yaya ta ɗauki katin ta juya shi a hannu, ta duba ko ya karce.

"Faranti," ta ce. "Saboda faranti. Ni da aikina ke nan, cire abin da mutane ba sa so a gani. Amarya ta yi hamma in cire, shugaba ya sosa hanci in cire. Kai ne ba zan iya cirewa ba?"

"Ba na so ki gani."

"Amma kana so in ga ƙaninka a bayan motar 'yan sanda."

"Ba zan bari ta kai haka ba."

"Yaushe za ka hana? In sun sa masa ankwa?"

Gyare ya sauke buhun a hankali. "Da ka kawo mini, Babba. Da na goge maka, kuma ba mai ji."

Manaja bai ɗago ba.

Yaya ta je har bakin ƙofa ta tsaya a gaban Gyare. Ba ta saba ba, sai da ta yi gyaran murya. "Na zalunce ka. Ka yafe mini. Mayar da kayanka." Ta ciro makullin sito daga cikin nata ta miƙa masa. "Auta zai nuna maka yadda ake shiga sabon. Kai za ka riƙe shi."

"Wato yanzu a hukumance za a riƙa tayar da ni daga banɗaki."

"Karɓi, kafin in fasa."

Ya karɓa. Ta juyo kaina. "Kwafin zai gama kafin mutumin ya zo?"

"Wayar ɗakinki za ta ɗauki giga goma. Kafin ki gama yi wa maƙwabta bayani ya gama."

"Ba bayanin da zan yi wa kowa."

Ta haye sama. Na ɗauki alƙalami da salatif, domin akwai wayoyi goma da ke jiran suna, kuma soket ɗin da ba a amfani da su gara in kashe su daga cikin siwic.

Inna ta dafa hannun kujera za ta tashi. Manaja ya zabura ya kama gwiwar hannunta. Ta zare.

"Ƙarami, zo ka kai ni."

Gyare ya kama ta. Suka bi baranda a hankali, Manaja na biye da su a baya, ni kuma ina tsaye da salatif. A bakin ɗakinta ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Tun safe nake ba kowa labari," ta ce. "Har ɗan mutane na ba shi. Ashe ba ni ka durƙusa wa ba."

"Inna..."

"Aikin faranti Allah ya sa masa albarka, ka riƙe shi da kyau. Gaisuwa kuwa, daga gobe ka tsaya a bakin ƙofa yadda ka saba. Wannan na san tawa ce."

Ta shiga, ta rufe ƙofar.